Gurbin da Baba Ya Bari

Fasasshen gilashin waya ne ya kai ta shagonsa na gyaran waya. Ya ɗago daga kan na'urar da yake kwancewa, suka haɗa ido, sai ga 'yar ƙusar da ke hannunsa a ƙasa. Wayar ta gyaru ran nan, amma wai ba ta daina ba da matsala ba, kullum sai an dawo da ita.

"Sarauniyar fasa waya," in ji saƙonsa na farko, "gilashi na gyara miki. Abin da kika fasa min, wa zai gyara?"

Matsalar ita ce Baba, mahaifinta. Tsohon malamin lissafi ne, kuma ya riga ya ajiye mata injiniya, ɗan abokinsa. Mai gyaran waya ya zo gaisuwa, Baba ya ƙi fitowa, Mama da sauran manya suka karɓe shi.

Da magana ta ƙi ƙarewa, Baba ya yanke hukunci irin nasa, kai ka ce gida aji ne: shi da Mama, Kawu, Gwaggo da Yaya, kowa ya ba samarin maki bisa goma, mai babban matsakaici ya ɗauki mata.

Ta tsorata ƙwarai. "Zumana, ka yi addu'a," ta rubuta masa, "yau za a yi mana jarrabawa ba mu a aji."

A falo aka tattara. Injiniya ya tashi da bakwai cif. Mai gyaran waya kuwa talatin da biyu daga mutum huɗu, domin Baba ya bar gurbinsa fari, wai ba ya ba da maki ga wanda bai taɓa gani ba.

Kawu, mai goyon bayan injiniya, ya yi farat ya ce a raba biyar, ko shida da rabi bai kai ba, magana ta ƙare. Hawaye suka zubo mata.

Baba ya daɗe yana juya biro, yana duban 'yarsa.

"Ni na ƙi ganinsa, ba shi ya ƙi zuwa ba," ya ce a hankali. "Shiruna ba sifili ba ne. A raba huɗu."

Takwas.

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun angon. Ya ce ya ba shi amanar 'yarsa, Allah Ya yi musu albarka, Ya zaunar da su lafiya. Har Kawu sai da ya ce amin.