Tafin Malam Rabten

A farfajiyar jami'a a Lhasa Yudron ta fara ganinsa, yana tsaye yana muhawara da wani ɗalibi, kowace tambaya sai ya buga tafi ya doka ƙafa. Ita kuwa tana aji na kusa tana koyar da tsoffin waƙoƙin Tibet, tafin ya hana ta jin muryarta. Ta leƙo ta taga.

"Malam, biki ake yi ba a gayyace mu ba?"

Ya juyo, kunnuwansa suka yi ja. "Yi haƙuri, Malama. Haka aka koya mana muhawara. Hannun ne ba ya jin magana."

Rabten ke nan, sabon malamin falsafar Buddha. Maraya ne, a gidan zuhudu ya girma cikin jan mayafi, daga baya ya ajiye shi ya shigo gari da wata kwat da ta yi masa yawa.

Washegari saƙo ya shigo wayarta: "Malamar waƙa, yau hannuna a aljihu na yi darasi. Ɗalibai na ta yi min sannu."

Ta amsa: "Allah ya ƙara sauƙi, Mai Tafi. Akwai shayin man shanu a ofishina, in jikin zai iya."

Jiki ya iya. Kafin zango ya ƙare, har masu shara sun san da maganar.

Da zancen aure ya taso, mahaifinta Wangdrak ne ya ƙi. "Wanda ya tuɓe jan mayafi? Mutumin da ya ajiye alkawarin da ya ɗauka gaban malaminsa, ke ce ba zai ajiye ba? Ga Dradul mai shagon darduma yana ta sintiri."

"Baba, Dradul ko sunana bai iya rubutawa daidai ba."

"Ba rubutu za ki aura ba."

Ita ko ta riga ta faɗa wa Rabten, ba ta aure sai da yardar tsohon nan.

Rabten ya zo neman aure da kansa, da giyar sha'ir da farin ƙyallen girmamawa. Da farko lafiya lau. Amma da Wangdrak ya ce mai barin alkawari ba shi da amana, sai malanta ta motsa. Rabten ya miƙe, ya jero hujja, ya buga tafi tas a gaban hancin tsohon! A gidan zuhudu wannan ladabin muhawara ne. A gidan mutane kuwa aljani ake kora da shi. Yudron ta rufe fuska. Wangdrak ya ninke ƙyallen ya miƙa masa abinsa.

Daga nan Rabten ya ɓace, wayarsa a kashe. Dradul ne ya kawo labarin, har da murmushi: an gan shi a motar da ke zuwa tsohon gidan zuhudunsa.

Ta rubuta masa: "In mayafinka ka koma ɗauka, da ka faɗa min da bakinka." Shiru. Ta yi kuka sosai, kuma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne maganar Baba ta fito.

Ranar wata Asabar da hantsi aka buga ƙofa. Rabten ne, yana riƙe da hannun wani tsohon ɗan zuhudu da ke tafiya da ƙyar. Malaminsa ne, daga can bayan duwatsu inda waya ba ta kamawa. Wangdrak ya yi saurin cire hula, ya ba shi wurin zama mafi tsayi.

Tsohon ya kurɓi shayi ya ce, "Na ji yaron nan ya yi maka tafi. Wauta ce, na ja masa kunne. Amma zancen amana, ni zan ba da shaida. Masu karya alkawari su ci gaba da yawo cikin mayafi, na ga da yawa. Shi wannan zuwa ya yi ya durƙusa, ya ce zuciyarsa ta karkata ga zaman gida, ya mayar min da alkawarinsa yadda ƙa'ida ta ce. Bai karya ko ɗaya ba."

Wangdrak ya ajiye kofinsa. Ya miƙa hannu ba tare da ya dubi kowa ba. "Kawo ƙyallen."

A bayan labule Yudron ta raɗa wa Rabten, "Mai Tafi, ka kusa kashe ni."

"Ban san yadda ake neman aure ba, rabin raina. Na ga kowa da ubansa yake zuwa."

An ɗaura aure a ranar da mai duban taurari ya zaɓa. Bisa al'ada aka soka wa amarya kibiya mai ado a wuyan riga, fararen ƙyallaye suka taru a kafaɗunsu har ba a ganin haɓarsu, tsofaffi na ta yi musu fatan tsawon rai da zuri'a. Wangdrak ne ya zo ƙarshe. Ya rataya wa angon nasa ƙyallen, ya riƙe shi da hannu biyu.

"Na sa muku albarka, ɗana. Amma ka ji ni da kyau, ita wannan ba a dawo da ita."