Sadakin Na'ima

A bakin tafkin Kalmalo Sahabi ya fara ganin Na'ima, tana zaune da kwamfuta a cinya, shi kuwa yana ban ruwan albasar mahaifinsa. Daga jami'a a Sakkwato ta zo. Aikinta shi ne ta zuba yawan ruwa da ciyawa da gonaki cikin lissafi, domin a gano inda gauraki za su iya yin sheƙa kafin su ƙare.

"Malamar tsuntsaye, mi injin naki yac ce?"

"Ya ce kana tsaye cikin ɗakin gauraka."

Ya yi dariya, bai san da gaske take ba. Duk yadda ta juya lissafin, wuri ɗaya yake nunawa, wato kusurwar fadamar Alhaji Zakari, mahaifin Sahabi.

Sannu a hankali soyayya ta shiga tsakanin Sahabi da Na'ima. Da maganar aure ta taso, Alhaji ya ce, "Ɗiyar da taz zo raba ni da gona don tsuntsu? Ga Humaira ɗiyar ƙanena nan."

Sahabi ya daina zuwa inda take. Saƙonta ya same shi a kasuwar Illela:

"Sahabina, ba zan ɓoye maka ba. Ko an bar wurin, lissafi ya ce da wuya su dawo. Namiji guda ya rage, ba shi da mata. Kada ka ɓata da Baba a kan abin da ya riga ya tafi."

Ya karanta wa mahaifinsa. Tsohon ya dube shi ya ce:

"Ita da bakinta ta kashe kasuwarta?"

"Ita, Baba."

"Ina yaro, kukan gauraki ka tashe mu asuba," in ji Alhaji. "Mai irin wagga gaskiya ba a bari ta wuce."

Ranar ɗaurin aure aka shelanta sadaki: kusurwar nan ta fadama, ba za a ƙara sa mata fartanya ba.

Damina ta sauka, ciyawa ta rufe wurin. Gaurakan nan guda ya zo, ya yi ta kira, babu amsa.

"Lissafi bai yi ƙarya ba," in ji Na'ima, idonta ya cika.

Sahabi ya riƙe hannunta. "Amaryata, mu dai bar mishi ɗakin."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya kawo wa mai kira mai amsawa.