Hannun da Aka Goge

"Hoto ɗari biyu da sha huɗu, Yaya Deeni! Har mai kwashe kujeru ya fito, amma babu Malam ko ɗaya!"

Kamila ce ke wannan faɗan a tsakar gidansu na Kankiya, riƙe da waya a hannunta. Shinkafar da ta ɗora tun azahar ta kama, ƙauri ya cika gidan, ita kuwa ko a jikinta.

Zahradeen, angonta na wata biyu, ya jingine babur ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Kamilata, zamna mana mu yi magana..."

"Ba ni zamnawa! Kira mani Sagir yanzun nan!"

Sagir shi ne mai hoton bikinsu. Sati bakwai ke nan tana kiransa safe da yamma, kullum amsar ɗaya ce: ana kan gyara. Sai yau ya turo hotunan. Da wata amaryar ce, da an ce ɗokin ganin kwalliyarta take. Kamila fuska ɗaya take jira. Mahaifinta Malam Haladu, malamin allo a Ƙofa ta ƙasar Kusada, ya rasu kwana goma sha tara bayan bikin, zazzaɓin kwana uku kacal. Mutum ne da bai yarda da hoto ba. Wanda ya taɓa tsayawa aka ɗauka shi ne na katin ɗan ƙasa, shi ma ya koɗe har ba a gane hanci da baki. Duk zuciyarta ta tafi a kan cewa a taron biki dai, ko ta gefe, dole ya faɗo cikin wani hoton.

"Ba laifin Sagir ba ne," Zahradeen ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ni na hana shi."

Ta juyo ta zuba masa ido, ya ci gaba.

"Ranar kamu na ja shi gefe, na ce ko da wasa kada ya ɗauki Malam, in ma ya shigo bisa kuskure ya fidda shi. Mutum ya ba ni ɗiyarshi, in saka mashi da abin da ba ya so? Wallahi girmama shi na yi, ban san..."

"Ka sani! Sati bakwai ka sani, kana kallona ina kiran bawan Allah kamar mahaukaciya!"

"Kullum in na buɗe baki sai in ga idonki, in kasa."

Ta shige ɗaki ta banko ƙofa. Abin haushin, ta san gaskiya ya faɗa, ta kuma san da Malam na raye da albarka zai sa masa. Sanin hakan bai rage mata komai ba. Ta zauna, ta miƙe, ta sake zama, yatsanta na ta ture hotuna. Ƙawaye da ankon atamfa. 'Yan'uwan ango sun washe baki. Ita da shi ana kallon juna kamar ba mutuwa a duniya.

Sai ta tsaya a kan wani.

Ita ce durƙushe a zauren Malam, lulluɓe da farin mayafi, lokacin da aka kai ta yi masa sallama kafin a sa ta a mota. Ga alluna jingine a bango. Kanta a sunkuye, mayafin sumul, babu komai a kansa.

Ai tun da ta durƙusa har ta tashi hannun Malam na kanta! Har yau in ta rufe ido tana jin nauyinsa.

Ta zari hijabi ta fito.

"Kai ni wurin Sagir."

Nan take ya tayar da babur. Ta hau, ta riƙe ƙarfen baya, ko rigarsa ba ta yarda ta taɓa ba.

Sun tarar da Sagir a shagonsa na bakin tasha yana shan fura. Ganin fuskar amarya ya sa ya ajiye ludayin.

"Ina hannun?" ta ce, ta miƙa masa wayar.

"Wane hannu, amarya?"

"Hannun babana da ke bisa kaina!"

Sagir ya dubi Zahradeen, ya dubi ƙasa.

"Ni na goge shi. Ango ya ce kada Malam ya fito. Na kauce ma fuskarshi, amma hannun ya shigo. Awa guda na yi ina gyara mayafin nan, har ina yaba ma kaina... Wallahi sai daga baya na ji rasuwar. Allah Ya jiƙan shi."

"Na asalin fa? Wanda ba ka taɓa ba?"

Nan gumi ya keto masa.

"Ka'idar aikina, in na tura ma mutane hotunansu, na asalin sai in share don in samu wuri. Naku da safen nan na watsa su kwandon shara na kwamfuta. Abin da ban tuna ba, ko na zazzage kwandon..."

"Buɗe mana, don Allah!" Zahradeen ne ya faɗa.

Kwamfutar Sagir tsohuwa ce, kafin ta farka sai ka yi alwala ka dawo. Kamila ta kai bakin ƙofa ta juyo, ta sake kaiwa ta juyo. Tana jin kwandastoci na kiran Katsina da Kano, tana jin bugun zuciyarta ya fi su ƙara. Ya Allah, ko yatsa ɗaya ne!

"Suna nan," Sagir ya ce, ya sauke ajiyar zuciya. "Suna nan, amarya!"

Hotuna sun fi dubu, wasu sun yi duhu, wasu an rufe ido. Ya yi ta wucewa har aka zo zauren.

Ga shi.

Siririn hannu ne, ya fito daga farin hannun riga, ya kwanta a kan mayafinta. Carbi naɗe a wuyan hannun. Babban yatsa da manuni sun yi baƙi da tawada.

Kamila ba ta san sanda ta durƙusa a gaban teburin ba. Kukan da ta riƙe tun ranar sadakar bakwai ya ƙwace mata. Zahradeen ya tsuguna kusa da ita, nasa idon ma ya kawo ruwa.

"Ki yafe mani, hasken idona. Na so in faranta mashi, na kusa raba ki da shi."

"Ɓoyewar ce ta fi yi mani ciwo, Yaya Deeni. Kada ka sake."

"Har abada."

Sagir ya wanke musu shi nan take, yana ta rantsuwar daga yau ba zai ƙara share hoton kowa ba sai ya ji daga bakin amarya.

Ba su koma gida ba, hanyar Ƙofa suka kama. Wannan karon ta saki ƙarfen, hannu ɗaya ta riƙe ambulan, ɗayan ta riƙe rigarsa gam.

Innarta na ɗaki tana takaba, zaune a kan tabarma. Kamila ta miƙa mata hoton. Tsohuwar ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana kallo. Sai ta yi wata 'yar dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Kin gan shi ko? Sau uku na kai mashi ruwa da sabulu ranar nan. Na ce Malam, ɗiyarka fa za ka aurar, wanke tawadar nan. Ya ce in bar shi, addu'ar zaman lafiya yake rubuta maki, bai gama ba."