Direban Amarya

Ranar da Endrit ya fara ganin Rovena, faɗa ta yi masa.

A bakin asibitin garin Elbasan ya ɗauke su, ita da mahaifiyarta, Teta Lume, wadda aka yi wa aiki a ƙashin baya. Kamfanin hayar motocin da yake yi wa aiki a Tirana ne ya turo shi da doguwar baƙar Marsandin da ake ɗaukar manyan baƙi. Suna fita gari ya ga kwalta fes, ƙafarsa ta sauka kan totur kamar yadda ta saba.

Sai ya ji an ƙwanƙwasa bayan kujerarsa.

"Direba, ba buhun dankali ka ɗauko ba."

Ya duba madubi. Budurwa ce mai kaifin ido, da farar rigar ma'aikatan jinya a ƙarƙashin kwat. Kusa da ita tsohuwar ta rintse ido, ta dafe ƙugu.

Motar nan hali biyu gare ta, kuma maɓalli ɗaya ne ke raba su. Idan aka murɗa shi dama, ƙafafunta su yi tauri, ta kwanta a ƙasa, injin ya riƙa gurnani, duk tsakuwar da aka taka sai an ji ta a ƙashi. Idan aka murɗa shi hagu, sai ta yi laushi, ta riƙa haɗiye ramuka kamar ba ta gan su ba. Endrit ya daɗe yana ganin na hagun cin mutunci ne ga mota irin wannan. Ranar ya murɗa shi hagu.

"Yanzu fa?"

"Yanzu ka zama mutum," in ji ta.

Kafin su kai Lugaj, ƙauyensu da ke can kan duwatsu, Teta Lume ta yi barci. Da za su sauka ta karɓi lambarsa, ta sa masa albarka. Washegari da hantsi saƙo ya shigo daga lambar da bai sani ba.

"Direban dankali, Mama ta ce a gaishe ka."

"Ina amsawa. 'Yar tata fa, ba ta aiko da komai ba?"

"Ta aiko da gargaɗi. Ka rage gudu."

Daga nan abin ya fara, a hankali, kamar yadda abu mai kyau yakan fara. Duk ranar da aiki ya biyo da shi Elbasan, sai ya jira ta tashi daga asibiti, su zauna a gindin ganuwar tsohon gari, su raba byrek, wani gasasshen burodi mai cuku, da zafinsa. Tana ce masa direbana, yana ce mata zuciyata. Da farko takan harare shi. Daga baya ta daina.

A nan ne wata rana ta ba shi labarin Sokol, yayanta.

Hanya biyu ce ke shiga Lugaj. Sabuwar mai kwalta ce. Tsohuwar kuwa gangare ce mai tsakuwa, hawanta sai tarakta, mota sai dai ta sauko ta nan. A wata kwana ta tsohuwar hanyar Sokol ya faɗa kwari da motarsa, yana sauri zai tarar da abokai. An kafa masa farin dutse a bakin wurin, da hotonsa a jiki. Tun daga ranar, mahaifinta, Baba Ramiz, bai sake bi ta nan ba.

"Ina tsoron duk wanda ke son gudu," in ji ta. "Kai ma ina tsoronka, Endrit."

Ya riƙe yatsunta. "Na daina, zuciyata. Na yi miki alkawari."

Da kaka ta shigo, mahaifinsa da kawunsa suka sa kwat, suka tafi nema masa aurenta. Shi ya kai su, ya zauna a mota a bakin ƙauye yana jira. Ba su daɗe ba suka fito. Kawunsa ya shiga ya ja ƙofa, bai kalle shi ba.

"Gahawar babu sukari," ya ce.

Endrit ya san ma'anarta, kowa ya sani: an hana su ke nan. Amma ya tambaya, "Me mahaifinta ya ce?"

"Ya ce hanya ta karɓi ɗansa, ba zai miƙa 'yarsa ga wanda hanya ce gidansa ba. Bai zage mu ba. Da ma zaginmu ya yi, da ya fi sauƙi."

Ya sauke su a gida. Ya rage shi kaɗai a babbar hanyar Tirana. Ya murɗa maɓallin dama, ya taka totur har ƙasa. Da allurar gudu ta kwanta, ya ɗaga waya ya ɗauki bidiyonta, ya tura wa abokansa direbobi, don a san dai akwai abin da ya iya.

Bidiyo ba ya zama wuri ɗaya. Ya bi hannu hannu har ya kai ga Bledar, ɗan ƙauyen da ke ƙasa da Lugaj, wanda ke aikin gini a Italiya kuma ya daɗe yana son Rovena. Bledar bai ƙara komai a kai ba. Nunawa kawai ya yi.

Saƙonta ya iso Endrit yana wanke mota.

"Na gani. Irin wannan Sokol ya turo mini a makon da ya rasu. Kar ka sake kirana."

Ya rubuta, "Zuciyata, ɓacin rai ne. Ba ni da hujja. Ki yafe mini."

Bai samu amsa ba. Ya sake rubutawa, ya kira, ya je ya tsaya a ƙofar asibiti, ta fita ta ƙofar baya.

Hunturun nan ya yi masa tsawo. Yana ɗauko 'yan kasuwa daga filin jirgi, suna ta waya a kujerar baya, ba wanda ya san sunansa. Maɓallin yana hagu kullum, ko da motar ba kowa, ko da yake babu mai gani balle ya yaba. Wani lokaci yakan duba madubi ya ga kujera wayam, sai ya rasa dalilin da ya sa yake ci gaba da tafiya. Abokansa suka sa masa suna Kaka, wai tuƙinsa ya koma na tsofaffi. Bai damu ba. Kafin ƙanƙara ta narke a kan duwatsu, labari ya iso masa cewa mutanen Bledar sun je neman aurenta, kuma gahawarsu da sukari. An ce Rovena da bakinta ta amsa.

Da bazara ta fara, wayarsa ta yi ƙara.

"Ɗana, Teta Lume ce. Ina so ka kai ni wurin dutsen Sokol. Ban taɓa ganinsa ba. Bayan nan nawa ba zai jure motocin ƙauye ba, kuma ni ba zan mutu ban ga inda ɗana ya tsaya ba."

Da ya isa ƙofar gidan, su uku ya tarar. Baba Ramiz ya shiga gaba bai amsa gaisuwa ba. Rovena ta zauna a baya da mahaifiyarta, da zobe a yatsa, ta juya fuska wajen taga. Ta rame.

An yi ruwa da safe, tsakuwar hanyar tana sheƙi. Endrit ya fara gangarawa, motar tana lallaɓa ramuka. Tsohon ya kafe ƙafar Endrit da ido. Da suka kusa kwanonin, hannun Endrit ya nufi maɓallin.

"Kar ka taɓa," in ji Baba Ramiz.

"Baba, idan na bar ta da laushi a nan, za ta riƙa lilo a kowace kwana, Teta za ta sha wuya. Taurin nan ba na gudu kaɗai ba ne. Da shi take riƙe ƙasa. Ba zan ƙara ko kaɗan ba, ka sa ido."

Tsohon ya mayar da ido kan ƙafar Endrit. Endrit ya murɗa. Motar ta daidaita, ta bi kwanonin ɗaya bayan ɗaya a tsanake, ba ta karkata ba, ba ta zame ba. Da hanya ta miƙe, ya mayar da shi hagu, ya tsaya a bakin farin dutsen.

Teta Lume ta durƙusa da ƙyar, ta goge hoton da gefen ɗankwalinta, tana kiran sunan ɗanta a hankali. Rovena ta riƙe ta. Furannin roba da ke wurin rana ta cinye launinsu.

Baba Ramiz ya ja Endrit gefe.

"Ka san al'ada. Amarya ba ta fita ta hanyar da masu ɗaukarta suka shigo, in ba so ake ta dawo gidan ubanta ba. Za su hau ta sabuwa, dole su sauko da ita ta nan." Ya kalli kwarin. "Na ga yaran gidan su Bledar da motocinsu. Tun da aka sa rana ban runtsa ba. Ina so kai ka tuƙa ta."

Endrit ya hango Rovena a bakin dutsen. Shi zai buɗe mata ƙofa, ya gan ta a madubi cikin fararen kaya, ya sauke ta a ƙofar wani. Ya so ya ce a nemi wani direban. Sai ya tuna da yaran gidan su Bledar, ya kalli kwanar.

"Zan tuƙa ta, Baba. Ba za ta ma san mun wuce nan ba."

Bai san muryarsu ta kai wurin dutsen ba.

"Ramiz," in ji Teta Lume, tana durƙushe, "ka yarda ya riƙe ranta a wurin da ya fi ko'ina muni a duniya, amma ba ka yarda ya riƙe ta a cikin ɗaki ba?"

"Lume, na ba da magana."

Rovena ta miƙe. "Ni na ba da ita, Baba, ba kai ba. Da fushi na amsa, da tsoro. Tun ranar ban sake jin daɗin komai ba." Ta juyo ta dubi Endrit, karo na farko. "Tun daga gida nake satar kallon ƙafarka. Amma ban yafe bidiyon ba tukuna."

"Ban ce ki yafe yau ba, zuciyata."

"To, kar ka ce mini zuciyata a gaban Baba."

Baba Ramiz ya zauna a kan wani dutse, ya cire hularsa, ya daɗe yana jujjuya ta. Ba wanda ya matsa masa.

Abin bai zo da sauƙi ba. A ƙauyensu mayar da zobe ba ƙaramin abu ba ne. Tsohon ya je da ƙafarsa gidan su Bledar, ya tsaya a tsakar gida ya saurari duk abin da aka faɗa masa, bai mayar da martani ba. Ya yi watanni yana shan gahawarsa shi kaɗai a shagon ƙauye, mutanen da suka girma tare suna kau da kai. Rovena takan rubuto wa Endrit, "Yau ma shi kaɗai ya zauna. Mu muka jawo masa." Shi kuma yakan amsa, "Na sani. Zan saka masa da zaman da zan yi da ke."

Da aka sake zuwa neman aure, gahawar har ta yi zaƙi da yawa. Sai dai kawun Endrit ya kawo magana. "Ango ba ya zuwa ɗaukar amarya. A gida yake jira. Wa zai tuƙa ta?"

"Shi," in ji Baba Ramiz.

"Ba a taɓa yi ba."

"Na riga na sha kunyar da ta fi wannan. Ko shi, ko babu biki."

Haka aka yi. Ranar biki ango ya hau Lugaj da kansa, da furanni a goshin baƙar motar, tsofaffi suna kama baki. Rovena ta fito tana kuka kamar kowace amarya. Mahaifinta ya sa ta a kujerar baya da hannunsa, ya rufe ƙofa, ya tsaya a bakin gida da waya a tafinsa.

Jerin motocin ya gangara a bayan Endrit, ba wanda ya isa ya wuce. A bakin farin dutsen ya tsaya. Amarya ta fita, ta ajiye wa yayanta furannin hannunta, ta dawo.

Da tayoyin suka taka kwalta, Endrit ya kira.

"Baba, mun sauka."

Sai muryar tsohon ta zo, a dushe. "Allah ya kai ku tsufa tare. Allah ya ba ku zuri'a mai albarka, ya kiyaye muku hanya. Ku je."

Suka ci gaba, motocin baya suna ta matsa ham. Can ya ji an ƙwanƙwasa bayan kujerarsa.

"Direbana, ka ɗan ƙara mana. Ana jiranmu, abinci zai huce."

Ya dube ta a madubi, hawaye bai gama bushewa a fuskarta ba.

"Su jira," ya ce. "Ba buhun dankali na ɗauko ba."