Ita Kaɗai Ta Fito a Hoton Mawaƙa

"Laraba, zo ki ga kanki!"

Muryar Janet ce, daga bakin allon sanarwa na majami'a. An tashi daga sujada ke nan, mutane sun yi cincirindo a wurin, wasu na ƙunshe dariya.

Laraba ta kutsa ta leƙa.

Hoton ƙungiyar mawaƙa ne, wanda aka ɗauka ranar bikin shekara. Layi-layi, kowa da farar riga. Sai dai duk fuskokin sun fito dishi-dishi kamar ana hango su ta cikin ruwa. Matar Fasto ba ta ganuwa. Mahaifin Laraba, Malam Ɗanjuma, wanda shi ne shugaban mawaƙan, gilashinsa kawai ake shaidawa.

Fuska ɗaya ce ta fito raɗau, har da ɗan tabon gefen girarta.

Tata.

"Ashe mu duka rakiya muka yi miki," in ji Janet. "Elisha ya iya aiki, wallahi!"

Janet aka aika karɓo hoton daga shagon Elisha mai ɗaukar hoto a Gyadi-Gyadi. Ya ce mata ya lalace, zai sake wani. Ta ce ya ba ta haka nan ta nuna wa kwamiti. Daga can ta wuce aka ƙara masa girma, ta zo ta manna. Ba tun yau take son Elisha ba, kowa ya sani, shi kuwa gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

Malam Ɗanjuma ya zo ya tsaya. Ya daɗe yana kallo. Ya ɓare hoton ya naɗe, ya dubi Laraba.

"Ki gaya wa yaron nan ina nemansa gobe da la'asar."

Washegari da hantsi Laraba ta hau a-daidaita-sahu daga Tarauni. Ta tarar da Elisha yana goge kyamara da ƙyalle, a natse, kamar ba abin da ya faru.

"Larai tawa, sannu da zuwa."

"Kar ka Larai-tawa ni! Ka san abin da ka jawo mini? Mama ko kasuwa ta kasa fita!"

Ya jawo mata kujera.

"Sabon idon kyamarar nan ne," ya ce, yana nuna ɗan guntun gilashin da ke gabanta. "Lens ake ce masa. Mai araha na saya, shi ƙarfina ya kai. Ba ya jawo abu kusa, sai ka taka da ƙafarka. Yana da ƙara in yana saita kansa. Amma yana gani a ɗaki mai duhu, kin san kuma ranar ba wuta. To in ka buɗe shi sosai don haske, mutum ɗaya yake riƙewa, ya saki sauran."

"Madalla! Haka za ka gaya wa Baba. Ka ce shi ya zaɓa da kansa. Ka ce kayan araha ne."

Elisha ya koma goge kyamararsa.

"Ka ji ni?"

"Na ji, masoyiya."

"Baba so yake ya ba ni ɗan abokinsa mai aikin gwamnati. Ya ce ɗaukar hoto yawon gidan biki ne, ba sana'a ba. In ya gane da gangan ne, shi ke nan... ba ni ba kai!"

"Allah yana nan," ya ce, ya ci gaba da gogewa.

Da la'asar ya iso da kyamarar a wuya. Ya durƙusa ya gaida Malam Ɗanjuma a tsakar gida. Mama Ladi, mahaifiyar Laraba, tana gefe tana gyaran yakuwa, ta amsa gaisuwar a daƙile. Laraba ta laɓe a bayan labulen ɗaki.

"Na yi shekaru ina koyarwa," in ji Malam, "ban taɓa ganin an yi wa jama'a irin wannan wulaƙanci ba. Ka yi mini bayani."

Elisha ya maimaita abin da ya gaya wa Laraba, a hankali, har ya kai ga cewa mutum ɗaya yake riƙewa.

"To wa yake gaya masa wanda zai riƙe?"

Laraba ta damƙe labule.

"Wani lokaci yakan zaɓa da kansa, Baba."

"Ranar fa?"

"Ranar ni ne." Ya sunkuyar da kai. "Akwai ɗan ɗigo a ciki, inda ka ɗora shi nan yake kamawa. Na yi niyyar ɗora shi a kanku. Da na leƙa sai na gan ta, na manta da sauran aikin. Na ɓata wa mawaƙa hoto, a yafe mini. Amma ba zan ɗora wa gilashi laifi ba."

"Innalillahi!" in ji Mama Ladi, wadda zaman Kano ya koya wa salatin maƙwabta.

Laraba ta ja da baya. Ta zauna a bakin gado, tana jiran ta ji an ce ya tashi ya fita.

"Miƙo abin nan," in ji Malam.

Ta sake leƙowa. Mahaifinta ya ture gilashinsa sama, ya kara kyamarar a ido. Elisha ya nuna masa inda zai taɓa. Malam ya waiga da ita wajen randa, wajen igiyar shanya, wajen kaji. Sannan ya tsaya. Abin ya yi ƙara, zuiii, ya yi ƙyat.

Ya sauke ya duba hoton da ya fito a bayanta.

Mama Ladi ce, kanta a duƙe kan yakuwa, furfura biyu sun leƙo daga ɗankwali. Tukwane da bango da komai sun narke a bayanta.

"Me kake kallo haka?" ta ce.

Ya matso da kyamarar kusa da fuskarsa.

"Malam, da kai nake!"

"Yaushe kika yi wannan furfurar, Ladi?"

"Au, sai yau? Ka tambayi 'yarka."

Ya ƙara kallo, ya yi gyaran murya, ya miƙa wa Elisha kyamarar.

"Ranar Lahadi za ka sake mana hoto. A waje, cikin rana, kowa ya fito da hancinsa da bakinsa."

"To, Baba."

"Wannan na hannunka kuma ka wanko mini shi. Ƙarami, wanda zai shiga aljihu."

"To, Baba."

Elisha ya miƙe zai tafi, har ya kai bakin zaure.

"Kai! Iyayenka suna Kafanchan ne ko suna nan?"

"Kawuna yana Unguwa Uku, Baba."

"Ka ce masa ina gida ranar Asabar." Ya juya wajen ɗaki, ya ɗaga murya. "Ke kuma saki labulen nan kafin ki tsinka shi, ki zo ki raka baƙo."