Addu'ar Inna

"Ta ci?" Ifunanya ta tari Harisu tun a ƙofar gida, kafin ma ya kashe babur. "Harisu, Inna ta ci?"

"Ta ci..." ya ce, yana kwance kular abinci daga bayan babur, bai dube ta ba.

Tun hantsi take kan naman nan. Da kanta ta je wurin mahauta ta zaɓi tsokar ƙirjin bijimin sa, yankan halal da kowa ya shaida, don kada mahaifiyar Harisu ta yi ɗar. Ta soya bayansa sai da ya yi ja, ta zuba albasa da citta da kanumfari da ruwa kaɗan, ta rufe, ta janye itace ta bar garwashi. Haƙoran Inna sun yi rauni, don haka ta yi gadin tukunya har la'asar, sai da naman ya koma cokali ma yana raba shi.

Babanta Uzoma ya dawo daga shago ya ce a sam masa, ta hana. Wannan na garin Sandamu ne, na matar da kalmarta ɗaya za ta ɗaura aurenta da Harisu ko ta warware shi.

"To me ta ce? Faɗa mini mana, masoyi!"

"Ta ce rabonta da nama mai laushi haka tun Baba na da rai. Har romon ta shanye."

Ifunanya ta dafe ƙirji tana dariya. "Na gode wa Allah! Sai kuma me?"

"Ta sa miki albarka."

"A'a, yadda ta faɗa nake so in ji."

"Ta ce, Allah ya yi wa yarinyar nan albarka... Allah ya ba ta miji nagari a cikin danginta."

Dariyar ta ɗauke. A Daura aka haife ta, da Hausa ta yi wasan ƙasa. Ba ta bukatar tafinta.

"Kai kuma ka ce me?"

Ya shiga naɗe igiyar da ya ɗaure kular da ita.

"Harisu! Ka ce me?"

"Ifi, uwa ce fa... tana addu'a, ga ƙannena a zaune..."

"Tambayarka nake yi!"

"Na ce amin," ya faɗa can ƙasa.

Ta daɗe tana kallonsa, hawaye na gangarowa ba ta share ba. Sannan ta sa hannu biyu ta karɓi kularta.

"To, ni ma amin," ta ce. "Ka gaida Inna. Ka ce mata an karɓa."