Oba-obar da Ta San Sunan Jatau

Ku rage fitilar nan, ku matso. Mai jin fitsari ya je yanzu.

Kun san Jatau Mai Zuma, wanda ake zuba wa tuwo a kwanonsa shi kaɗai. An ce muku girmamawa ce. To, ba ita ba ce.

Shi da ƙaninsa Barau suke ɗaura amya a Dajin Kwarin Kura, inda wayar salula ba ta da aiki sai haska hanya. Wata shekara Barau ya faɗo daga kan ɗorawa, ƙafa ta karye, ya yini ya kwana yana ihu babu mai ji. Tun daga nan yake ɗingishi, Jatau kuma abin na cinsa a rai. Sai ya ce oba-oba zai saya musu, irin ta 'yan sintiri, ka danna ka yi magana ɗan'uwanka ya ji.

Ranar kasuwa ya shiga shago. Mai shago ya jera masa iri uku.

"Wannan, Baba, mil talatin aka rubuta a kwalinta."

"Tana kaiwa?"

"A kwali tana kaiwa. A daji mil biyu, in itatuwa sun yi maka kara. Ni dai shawarata, ɗauki mai cin batirin tocila, tunda babu inda za ka yi caji. Ruwa ma ba ya shigarta."

Gaskiya ba ta cika sayar da kaya ba. Jatau ya ce mil biyu ai fiton bakinsa ma ya kusa kaiwa. Ya fice.

Rana ta take tsaka. A bayan mahauta, gindin wata tsamiya, ga wani tsoho zaune, riga ta rufe masa ƙafafu ruf. A gabansa tsumma, a kan tsumman oba-oba biyu, baƙaƙe, sun yi maiƙo. Babu ƙuda ko ɗaya a wurin. A bayan mahauta fa.

"Har ina suke kaiwa?" in ji Jatau.

"Har inda ake nemanka."

Muryar kamar ta mai magana da loma a baki. Jatau ya ɗauki ɗaya. Da ɗuminta, kamar yanzu aka zaro ta daga hammata. Wani ƙarni ya bugi hancinsa. Ya ce a ransa, kayan gwanjo ai sai haƙuri.

"Gwada," in ji tsohon. "Faɗi sunanka a ciki. Da na abokin tafiyarka."

Masu amya ba sa kiran suna a daji, fito suke yi. Tun suna yara kuma aka hana su amsa kiran wanda ba su gani ba. Amma kasuwa ai ba daji ba ce. Ya danna.

"Jatau. Barau."

Ɗayar ta maimaita daga kan tsumma, a hankali, kamar mai ɗanɗana miya.

Tsohon ya ƙi karɓar komai. "Ma haɗu," kawai ya ce. Jatau ya san banza ba ta kai zomo kasuwa, kamar yadda kowa ya sani. Ya zuba su a jaka.

A gida Barau ya sunsuna, ya kau da kai.

"Yaya, a cikin mushe ka tono su?"

"Da hanci za ka yi magana ko da baki? Karɓi."

Ya karɓa da yatsa biyu.

Washegari suka shiga daji. Barau ya yi gabas wajen kwari, Jatau ya yi yamma. Tsakar rana yana kan maɗaci yana ɗaure amya. Sai tsuntsaye suka yi tsit. Abin da ke rataye a ƙirjinsa ya yi tari.

"Jatau."

Muryar Barau ce, babu ko tantama.

"Jatau. Na faɗo. Ƙafar nan ce. Amsa mini."

Ya zamo daga bishiyar, fatar cinya ta tafi bai ji ba. Yaron nan kwance kuma, shi kaɗai, a karo na biyu? Ya danna da babban yatsa, ya kai abin bakinsa.

Warin ne ya fara tarbarsa. Daga 'yan hudojin da murya ke fitowa wani ruwa ya tsatso, rawaya, mai yauƙi, ya gangaro kan yatsan. Ba zuma ba ce. A ƙarƙashin muryar kuma ana tsotsar leɓe.

"Na'..." ya fara. Amai ya tare sauran.

Yana durƙushe yana kakari, sai wani abu ya faɗo masa. Shekara arba'in Barau bai taɓa kama sunansa ba. Yaya yake cewa. Ko ranar da aka ɗauko shi da karyayyiyar ƙafa, Yaya yake kira.

Ya ɓalle murfin baya. Babu batir. Gashi ne jiƙaƙƙe a dunƙule, da fararen tsutsotsi, sun ƙoshi.

"Jatau," in ji abin. Tsutsotsin suka motsa gaba ɗaya.

Ya yi jifa da shi. Sannan ya tuna da ƙaninsa. Shi ai Barau yake ce wa ƙaninsa, safe da yamma. In an kira Barau da muryar yayansa, da me zai gane?

Ya zuba da gudu. Yana gudu yana fito har leɓe ya bushe.

A bakin kwari ya hango shi. Barau na ɗingishi, ya nufi wata tsohuwar kuka mai kogo. A bakin kogon tsohon nan ne tsaye, ya tattare riga zuwa gwiwa kamar mai shirin tsallaka rafi. A maimakon ƙafa, kofaton jaki ne, ya tsage, yana tsiyaya. Kuma daga gaban Barau, Jatau ya ji muryar kansa.

"Barau, amsa. Barau."

Ya tara sauran yawunsa ya yi fito ɗaya. Barau ya waiwayo. Jatau ya cafke wuyan rigarsa yana ta a'uziyya. Da suka ɗaga ido, babu kowa gindin kuka. Warin dai bai yi saurin tafiya ba.

"Ka amsa?" in ji Jatau. "Barau, don Allah, ka amsa?"

Barau ya ɗaga sandarsa. Can a ƙarshenta oba-obar ke lilo, an naɗe ta cikin leda uku.

"Yaya, na ji kana kira, na taho. Amma wallahi ko mutuwa kake yi, ba zan kai wannan ƙazantar bakina ba."

Jatau ya rasa ko godiya zai yi masa ko mari.

Kasuwar da ta zagayo suka koma shago, suka sayi mai mil biyu. Har yau ita suke riƙewa, ba ta taɓa kiran kowa don raɗin kanta ba.

Yatsan Jatau ne dai warin ya ƙi bari. An yi sabulu, an yi toka, an yi lemun tsami. Malamin asibiti ya ce ciwon fata ne, ya rubuta man shafawa. Mai yiwuwa haka ne. Da hannu ɗaya ya rubuta, ɗayan yana kan hancinsa.

Rabin amsa ke nan fa.

Don haka in za ku sayi oba-oba, ku buɗe bayanta ku ga batir da idonku. In an ce ku gwada, ku ƙirga ɗaya, biyu, uku, ku bar sunanku a aljihu. Kada kuma wanda ya bi Kwarin Kura shi kaɗai da tsakar rana. Ta Jatau tana nan inda ya jefar da ita. Masu itace sun ce har yanzu tana jiran sauran rabin.